Yatsan Perrine

Perrine Vuillermet ba mai gudu ba ce, kuma ta san haka tun tana 'yar shekara goma sha biyar. A ƙungiyar matan Faransa masu tseren ƙanƙara da harbi akwai waɗanda in sun ɗora ƙafa a kan allunan zamiya sai ka ce iska ke tura su. Ita kuwa kowane hawan tudu sai ta cije leɓe take gama shi. Hannunta ne ya zaunar da ita cikin ƙungiyar sama da shekara goma. In ta iso filin harbi da bindiga goye a baya, zuciya na dukan ƙirji kamar za ta fasa shi, sai ta sauke numfashi ta saita, baƙaƙen fayafayan nan biyar da ke can nesa su koma fari ɗaya bayan ɗaya. A kwance ko a tsaye, da iska ko da hazo, duk ɗaya ne gare ta. Wadda ta kuskure faifai sai ta biya da zagayen horo kafin ta koma kan hanya, amma Perrine takan yi wata guda ba ta taka wannan da'irar ba.

Ba ta taɓa cin tsere ita kaɗai ba. Ta zo ta shida, ta zo ta tara, sau ɗaya ta zo ta huɗu a Norway ranar da iska ta watsa manya. Amma in aka zo tseren karɓa-karɓa, inda mata huɗu ke miƙa wa juna, Hervé mai horar da su ita yake ajiyewa a ƙarshe. Yakan ce in dai Perrine ce a kan shimfiɗar harbi, yana iya ajiye madubin hangensa ya je ya sha kofi. 'Yan matan da suka shigo bayanta Gwaggo suke ce mata, rabi tsiya rabi girmamawa. Lison, ƙaramarsu, wadda suke kwana ɗaki ɗaya a kowane otal, ita ta laƙaba mata sunan, ita ce kuma ke cinye mata cukun Comté da ake aiko mata daga gida.

Ubanta Gilbert mai shanu ne a wani ƙauye saman garin Morez, madararsa ake kaiwa gidan cuku safe da yamma. Shi ya kafa mata fayafayan ƙarfe a bayan ɗakin shanu tana yarinya, shi ya yi ta kai ta gasa a tsohuwar motar madara bayan rasuwar uwarta. Ba mai magana ba ne. In ta kira shi bayan tsere, sai ya ce ya gani, sannan ya gaya mata wace saniya ce ta haihu.

Abu ɗaya ya rage mata, shi ne gasar Olamfik. Karo na farko an tafi da ita a matsayin 'yar ko-ta-kwana, ta dawo ba ta harba ko ɗaya ba. Karo na biyu ciwon ƙirji ya kwantar da ita ana gab da tashi. Corentin, malamin makarantar da ya daɗe yana jiranta ta ajiye bindiga su yi aure, ya gaji ya auri wata a Besançon, ita kuma ba ta ga laifinsa ba. Yanzu shekarunta talatin da ɗaya, wannan ne na ƙarshe, kuma kowa ya san gurbinta a karɓa-karɓa a ajiye yake.

A watan Janairu, saura 'yan makonni a tafi, suka je wata gasa a Jamus. Ranar karɓa-karɓa babu iska ko kaɗan, filin ya cika maƙil, ga tutoci ga ƙararrawa. Lison ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, ta iso wurin miƙawa babu kowa kusa da ita, ta daki bayan Perrine tana haki ta ce, “Ga shi nan, Gwaggo, kai mana gida.”

Harbin kwance ya tafi kamar kullum. Perrine ta yi zagaye na biyu, ta dawo harbin tsaye ita kaɗai a gaba. Ta sauke bindiga, ta kafa gwiwar hannu a kwankwaso. Faifai na ɗaya ya rufe ya koma fari, na biyu, na uku, na huɗu, kowanne jama'a na yi masa ihu. Ta kai bakin bindiga kan na biyar. Yana nan tsakiyar ido, baƙi ƙirin, ko motsi ba ya yi. Ba ta taɓa saita faifai da kyau haka ba. Ta ce wa yatsanta ya danna kunama, yatsan ya ƙi.

Ba rawa yake yi ba, ba kuma sanyi ne ya kama shi ba. Tana jin ƙarfen a fatarta sarai. Kawai dai kamar yatsan wani ne aka ɗora mata. Ta sauke bindiga, ta ja numfashi, ta sake ɗagawa. Filin ya yi tsit, har tana jin kukan allunan 'yar Sweden da ke shigowa. Waccan ta tsaya gefenta, ta harba biyar, ta goya bindiga ta tafi. 'Yar Jamus ma ta zo ta tafi. Da Perrine ta ga abin ya ci tura, sai ta fizgi kunamar da dukan hannunta, harsashin ya tashi can sama da faifai. A karɓa-karɓa ana ba mutum harsasai uku na ƙari da zai ɗura da hannu. Ta ɗura su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ta yi kokawa da yatsan, kowanne ya bauɗe. Ta shiga zagayen horo. Faransa ta ƙare ta shida.

Babu wanda ya ɗora mata laifi. Lison ta rungume ta a bakin layi, Hervé ya dafa kafaɗarta ya ce kowa yana da ranarsa. Da za su zage ta da ya fi mata sauƙi. A motar komawa otal ta zauna tana kallon yatsan, tana lanƙwasa shi tana miƙewa, yana bin umarni kamar ba shi ba.

Washegari a filin atisaye ta harba har ta gaji, bai ƙi ko sau ɗaya ba. Hervé ya yi dariya ya ce ai ga shi nan, gajiya ce kawai. Ita ma ta yarda. Amma a tseren da ya biyo, tun faifai na biyu a tsaye abin ya dawo. A na gaba ya bi ta har harbin kwance.

Aka kai ta birnin Lyon, likitoci suka duba jijiyoyin hannun tun daga wuya har farce, suka ce ba su ga komai ba. Aka haɗa ta da wata mai duba lafiyar tunani, mace mai sanyin murya, wadda ta yi ta tambayarta game da rasuwar uwarta da rabuwarta da Corentin. Perrine ta amsa duk abin da aka tambaya, ta yi numfashin da aka koya mata, ta rufe ido ta ƙirƙiro filin a ranta. A cikin ranta yatsan yana dannawa lafiya lau. Mai gyaran bindigogin ƙungiyar ya sassauta kunamar iya inda doka ta yarda, ya sauya mata siffa, ya manna mata wani ɗan ƙarfe mai kaushi. Daga baya shi ne ya ce ta gwada yatsan tsakiya, ya taɓa jin wani tsohon maharbi ya yi haka.

Ta gwada, ya yi. A Italiya ta harba da yatsan tsakiya ta kuskure ɗaya tak. Da ta tsallake layi ta durƙusa a kan ƙanƙara tana dariya tana kuka, Lison na jijjiga ta tana cewa Gwaggo ta dawo. Ta kira ubanta, a karon farko ya manta da zancen shanu. Kwana biyu bayan haka, a harbin tsaye na ƙarshe, yatsan tsakiya ya kwanta a kan kunama ya ƙi motsi, daidai yadda ɗan'uwansa ya yi.

Hervé bai aika kowa ba, da kansa ya same ta a ɗakin da ake goge alluna. Ya daɗe yana juya wata kwalbar man alluna a hannu kafin ya yi magana. Ya ce an cire ta daga masu zuwa Olamfik, ya yi ta faɗa a taro, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, kuma gaskiya ko da shi kaɗai ne, akwai wasu mata uku da su ma shekara huɗu suka yi suna jira.

Perrine ta ce, “Kai ni a matsayin 'yar ko-ta-kwana. Na san aikin, na taɓa yi.”

“In wata ta kwanta ciwo, zan iya sa ki?”

Ya ce, “Ki gaya mini e, in koma taron yanzu.”

Ba ta gaya masa ba. Ta ɗauki jakar bindigarta ta fita.

Ta iso gida a farkon Fabrairu ana ruwan sama. Shekarun baya a irin wannan wata sai an haƙa hanya kafin a buɗe ƙofar ɗakin shanu, bana kuwa makiyayar duk laka ce da jiƙaƙƙiyar ciyawa, sai ɗan fari-fari a kan tsaunin can nesa. Gilbert ya karɓi jakarta bai tambaye ta komai ba, ya ɗora miyar dankali, ya yanka burodi da tsiran alade na Morteau. Da safe ta sa manyan takalman roba ta bi shi tatsa. A gidan cuku mutanen ƙauyen suka gaishe ta a hankali kamar wadda aka yi wa rasuwa. Hotonta na nan a bango sama da ma'auni, tana murmushi da bindiga a kafaɗa. Wata tsohuwa ta kama hannunta na dama ta juya shi tana dubawa, ta ce man ciyawar tsauni yana maganin irin wannan.

Ranar karɓa-karɓa ta Olamfik, Gilbert ya gama aikin rana da wuri ya zauna a kicin yana kallon talabijin ɗin a kashe. Perrine ce ta kunna. Lison aka ajiye a ƙarshe. Ta karɓa tana ta huɗu, ta wuce ɗaya a hawa, ta iso harbin tsaye kafaɗa da kafaɗa da wata. Perrine ta ga yarinyar ta kafa gwiwar hannu a kwankwaso irin yadda ita ta koya mata, ta ga ta ɗan jira kafin na biyar irin yadda ta koya mata. Biyar suka rufe. Faransa ta ci lambar azurfa. Gilbert ya miƙe da hannu sama, sai ya tuna, ya sauke hannun a hankali ya kama gyara kujerar da ba ta karkace ba.

Ta ce, “Yi murnarka, Baba. Ta cancanta.”

Ya ce, “Na sani.” Ya koma ya zauna.

Ta ɗauki bindigar ta zagaya bayan ɗakin shanu. Fayafayan nan na yarinta suna nan, sun yi tsatsa, igiyar da ake ja su miƙe ta yi kore. Ta ruga da gudu har bakin daji ta dawo don zuciya ta buga, ta tsaya cikin laka ta harba. Biyar suka faɗi. Ta ja igiya, ta sake gudu, ta sake harbawa. Biyar. Ta yi ta yi har ruwa ya jiƙa ta sharkaf, yatsan yana dannawa da laushi kamar bai taɓa saɓa mata ba. Da ta juya ta ga ubanta a bakin ƙofa da bokiti a hannu.

Ya ce, “Ai hannun nan lafiyarsa ƙalau, 'yar nan.”

“A nan, Baba. Gaban shanu.”

Ya ce to ta daina tunanin mutane, ta ɗauka duk shanu ne. Ta gaya masa ba tsoron mutane take ji ba, da tsoro ne da ta san yadda za ta yi da shi, shekara goma tana harbi da tsoro. Wannan ba ta san sunansa ba. Ya tsaya yana kallonta, mutumin da ya san abin da ke damun saniya tun daga yadda take tsayuwa, amma bai gane na 'yarsa ba. Ya ce ta shigo kada sanyi ya kama ta.

A ƙarshen Maris aka yi gasar ƙasa a wani fili da ba nisa da su. Ƙanƙarar ajiyayyiya ce, aka shimfiɗa ta siririya tsakiyar koren fili kamar farin ƙyalle. Perrine ta sa sunanta, ba ta gaya wa kowa dalili ba. Gilbert ya roƙi maƙwabci ya kula masa da shanu, ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tsaya a bayan shinge.

Harbin kwance ta samu ta fizge shi da ƙyar, ta kuskure biyu. Da ta zo na tsaye, faifan farko ma bai samu ba. Ta saita, ta sauke, ta saita. Ta canza zuwa yatsan tsakiya, ta dawo na farko. 'Yan mata ƙanana, waɗanda aka haifa bayan ta fara riƙe bindiga, suka yi ta zuwa suna harbi suna wucewa. Filin ya koma babu kowa sai ita. Mai sanarwa da ke ta surutu a lasifika ya yi shiru, can sai ya saki kiɗa don ya rufe shirun. Wani dattijo cikin alƙalan filin ya matso bayanta ya ce a hankali, “Madam Vuillermet, kina lafiya?”

Ta ce lafiya lau. Ta zare harsasan ta miƙa masa a tafin hannu, ta goya bindigar babu komai a ciki. Ta san ta fita daga lissafi, amma ta ƙarasa zagayen ƙarshe, domin ba ta taɓa barin tsere a tsakiya ba kuma ba ta san yadda ake yi ba. Lokacin da ta iso layi an riga an fara naɗe tutoci, jama'a sun koma wajen dandamalin da ake rataya wa Lison lamba. A al'ada in 'yar wasa za ta yi ritaya, abokanta kan jeru su ɗaga alluna sama ta bi ta ƙarƙashi, a fesa mata giya mai kumfa. Tun da ba ta gaya wa kowa ba, babu wanda ya jeru. Ubanta ne kaɗai, ya miƙo mata rigar sanyi ta saman shinge.

A mota ya ce in an huta lokacin zafi wataƙila baɗi abin ya saki. Ta ce ba baɗi. Ya yi ta tuƙi har suka wuce Morez, sannan ya ce wane ne zai gaya wa mutanen gidan cuku. Ta ce su sauke hoton kawai, za su gane.

Bindigar ta sayar wa wata ƙungiyar yara a yankin Vosges. Da kaka ta sami aiki a wata masana'antar tabarau a Morez, ta kama ɗaki a gari. Abokan aikin sun yi ta tambayarta da farko, da suka ga ba ta son zancen suka bari. Ta yi ƙiba kaɗan. Ranar Lahadi takan hau wajen ubanta ta taya shi tatsa, in lokacin tsere ya yi a talabijin sai ta fita duba maruƙa.

Wata ranar Disamba da azahar, tana cin abincinta a cikin mota a bakin masana'anta, Lison ta kira daga Sweden. Sun kwana biyu ba su yi magana ba. Yarinyar ta fara da tsiyarta ta kullum, ta ce sabuwar abokiyar ɗakinta minshari take yi, kuma babu mai kawo cuku. Ta tambayi Baba Gilbert, ta tambayi shanu.

“Gwaggo, in tambaye ki wani abu kada ki ji haushi.”

“Ina ji.”

“Abin nan naki. Ranar farko. Kafin nan kin ji wata alama?”

Perrine ta ajiye burodin a kan cinyarta. Ta tambaye ta me ya faru. Lison ta ce babu komai, ta rufe biyar ɗinta jiya, ta ma zo ta uku. Sai dai a faifai na huɗu ta ji kamar yatsan ya ɗan yi jinkiri, kamar ƙiftawar ido, wataƙila ma ba komai ba ne. Amma tun jiya shi kawai take tunani. Muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya.

Perrine ta san gaskiyar amsar. Babu alama, babu dalili, babu abin da ta yi ko ta bari. Ta kuma san in ta faɗi haka, Lison za ta ɗauki maganar ta hau shimfiɗar harbi da ita jibi, ta tsaya tana sauraron yatsanta.

Ta ce, “Ke dai da shirme kike. Nawa faɗuwa na yi a kan hannun, a atisaye, kafin mu je Jamus. Na ɓoye wa Hervé don kada ya cire ni. Jijiya ce ta taɓu, daga baya wani likita ya gano.”

“Da gaske? Ba ki taɓa faɗa ba.”

“Kunya ce. Kin faɗi a kan hannunki?”

“A'a.”

“To sanyi ne. Sa safar hannu mai kauri kafin ki shigo fili, ki daina damun tsofaffi.”

Ta ji Lison ta saki numfashi, sannan ta yi dariya, dariyar gaske. Ta yi godiya, ta ce za ta zo ƙauye a bikin Kirsimeti ta ci cuku har ta kasa tashi. Suka yi sallama.

Perrine ta zauna da wayar a hannu. Ba ta san ko ƙaryar za ta riƙe yarinyar ba, ko kuwa abin ya riga ya shiga. Ba ta san ma ko da wani ya yi mata irin wannan ƙaryar a watan Janairu da ta tsira ba, kuma babu wanda za ta tambaya. Ruwa ya fara sauka a kan gilashin motar, ruwan da a watan nan ya kamata a ce ƙanƙara ce. Ta ga abokan aikinta sun fara komawa ciki da lema. Ta naɗe sauran burodin a takarda, ta kulle motar, ta bi bayansu.